Maigida ya dawo daga dashen ƙoda, yaya za mu yi kada wurin ɗinkin ya zama ƙaba?

Maman_Ikram_Garwa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Maigidana aka yi wa dashen ƙoda, ƙaninsa ne ya ba shi, yanzu mun shiga wata na biyu kuma mun dawo gida Garwa. Alhamdu lillahi fitsari na fita, kireyatinin, wato awon jinin da ke nuna aikin ƙoda, ya sauka. Sai dai kafin a sallame mu likita ya ja mana kunne a kan ƙaba, ya ce idan ɗinkin ciki ya saki hanji zai iya turo fata a daidai wurin da aka yanka. Shi kuwa maigida ɗan kasuwar albasa ne, ya ga fata ta haɗe sumul, a wurinsa magana ta ƙare, kullum zancen komawa kasuwa yake. Goggonsa kuma ta ce a ɗaure masa ciki tamau da zane, a riƙa gasa wurin da ruwan zafi yadda ake yi wa mai jego. Waɗanda suka bi ta wannan hanya, don Allah me kuka yi?

Kawu_Sale_Pitowa:
Wa alaikumus salam. Barka da arziki, Allah ya ƙara lafiya, ya saka wa ƙanin nan da Aljanna. Ba kowa ke iya wannan kyauta ba.

Nas_Hadiza:
Maman Ikram, sannunku da ƙoƙari. Na daɗe ina aiki a ɗakin wankin ƙoda, kuma wannan ruɗin na haɗewar fata na sha ganinsa. Bangon ciki kamar riga ce mai shafi: abin da kike gani a waje fata ce, amma ƙarƙashinta akwai tsoka da wani tantani mai tauri, su ne ke riƙe da kayan ciki. Fata takan haɗe cikin mako 2 ko 3, na ciki kuwa sai ya ɗauki watanni, ko bayan ya gama warkewa ma tabo ba ya kai ƙarfin asali. To ga shi mai dashen ƙoda yana shan magungunan da ke kwantar da garkuwar jiki don kada ta yaƙi sabuwar ƙodar, su kuma waɗannan magunguna suna jinkirta warkewar rauni. Shi ya sa lokacinsa ya fi na wanda aka cire wa tsakuwar ciki ko aka yi wa wani aiki daban tsawo.

Abin da aka saba gaya wa marasa lafiya: kada ya ɗaga abin da ya wuce kilo 5 har sai ya yi mako 6 zuwa 8, aikin ƙarfi sosai kuma sai bayan wata 3, shi ma da izinin likitansa. Ki auna da kanki, jarkar ruwa mai lita 20 kilo 20 ce. Buhun albasa ba a ma maganarsa.

Gashi da ruwan zafi kuwa a bari. Gefen yankan yakan mutu na wani lokaci, ba ya jin zafi sosai, zai iya ƙonewa bai sani ba, ƙuna kuma ƙofar ƙwayar cuta ce.

Dan_Kusiri:
Ni ban yarda da wannan tsoratarwa ba. Maƙwabcinmu an yi masa a Masar, wata guda ya hau babur ɗinsa yana tsallakawa Njamena yana dawowa, yau shekaru ke nan ba abin da ya same shi. Zama wuri ɗaya ma ciwo ne.

Nas_Hadiza:
Malam Dan_Kusiri, ai ban ce ya kwanta ba. Tafiya da ƙafa ana so tun washegarin aiki, tana motsa hanji, tana hana jini daskarewa a ƙafa, tana buɗe huhu. Ya taka zuwa masallaci, ya zaga unguwa da sanyin safiya, kullum yana ƙarawa kaɗan. Ɗaga nauyi da yunƙuri su ake hanawa. Maƙwabcinku Allah ya kiyaye shi, kuma gaskiya ne yawancin masu dashe ba sa samun ƙabar nan, waɗanda ke samu ba su kai 10 cikin 100 ba a yawancin rahotannin asibitoci. Amma wanda ya samu sai an sake buɗe shi a daidai kan ƙodar da aka sha wahala kafin a same ta.

Hamma_Bello_Marwa:
Maganar babur akwai wani abu ban da ƙaba. Mutane da yawa na zaton a baya ake sa sabuwar ƙoda inda tsofaffin suke. A'a, a ƙasan ciki ake sa ta, gefen mara, yawanci dama, tsofaffin ma ba a cika cire su ba. Ba haƙarƙari da ke kare ta, idan ka ɗora hannu za ka ji tudunta. Faɗuwa ɗaya a kan babur, kan babur ya daki wurin, an shiga uku. Wanda ya san yadda 'yan kilando, masu haya da babur, ke gudu a cikin gari ba zai so mai sabon dashe ya hau bayansu ba.

Adda_Zainabu:
Ni ce na sha wannan ƙabar, don haka bari in faɗi nawa. Ban ɗaga komai ba wallahi, yarana ko buta ba sa bari in ɗauka. Amma ina da ciwon suga tun kafin ƙodar ta lalace, ga jiki. Bayan aiki wurin ya yi ruwa, ya fara fitar da mugunya, sai da aka kwance wasu zare aka riƙa wankewa ana cusa auduga har ya cike daga ƙasa. Fata ta rufe, na yi murna. Sai can wajen shekara na lura idan na tsaya ko na yi tari wani abu mai laushi na tasowa a ƙarshen tabon, girman ƙwan kaza, idan na kwanta ya koma da kansa har da 'yar ƙara ƙululu. Likitan ya ce tun lokacin da mugunyar nan ta shiga ɗinkin ciki ya yi rauni. Saboda haka ƙanwata Maman Ikram, ki sa ido a kan raunin kansa fiye da komai. Ja, zafi, ruwa na tsatsowa, wari, ko zazzaɓi ko da kaɗan ne, kada ku kwana a gida. Masu shan maganin nan zazzaɓinsu ba ya tashi da ƙarfi ko da ciwon ya yi nisa.

Maman_Ikram_Garwa:
Allah sarki Adda, sannu. An gyara miki? Shi ma fa tun da aka sa shi a kan prednisolone sugansa ya fara hawa, ga ci kamar me, dare ma sai ya nemi abin taɓawa.

Adda_Zainabu:
An gyara, raga aka sa mini, ta roba, aka ɗinke ta a kan ramin. Lafiya lau yanzu. Cin nan kuwa aikin maganin ne, ba kwaɗayi ba ne, amma idan kuka biye masa tumbi zai fito kafin ku ankara, tumbi kuma shi ke jan ɗinkin dare da rana. Ki rage masa tuwo da shinkafa da shayi mai suga, ki ƙara miya.

Dokta_A_Ngaundere:
Salamu alaikum. Ni likitan tiyata ne, ba na dashe, amma ina gyaran ƙaba. Abin da Adda Zainabu ta faɗa shi ne ainihin maganar, kuma ina so a cire wa marasa lafiya zargin kai. Rabin rigakafin nan a ɗakin tiyata ake yinsa: yadda aka yi yankan, irin zaren da aka sa, yadda aka ɗinke tantanin nan hawa-hawa, ƙanana kuma kusa da juna, da tsaftar aiki. Wannan ba ya hannunku, an riga an yi. Akwai kuma abubuwan da ke ƙara haɗari waɗanda ba zaɓin mutum ba ne: shekaru, sake buɗe wurin saboda zubar jini ko yoyon fitsari, taruwar ruwa kusa da ƙodar, ko ƙodar ta yi jinkirin fara aiki.

Waɗanda ke hannunku su ne suga, ƙiba, taba, tari, taurin bayan gida, ɗaga nauyi, da saurin kai rauni asibiti idan ya canza.

Game da magungunan kwantar da garkuwar jiki, akwai sirolimus da everolimus, an san su da hana rauni haɗewa fiye da tacrolimus, shi ya sa likitocin dashe ba su cika fara su ba sai rauni ya warke. Na faɗi wannan don ku sani ne kawai. Kada wani ya karanta ya je ya rage ko ya tsallake maganinsa wai don ɗinki ya yi ƙarfi. Ƙaba ana gyara ta, ƙodar da jiki ya ƙi har ta lalace kuwa ta tafi, sai komawa kan injin wankin ƙoda sau 2 ko 3 a mako.

Baba_Mai_Goro:
Likita na gode. Ni tambayata salla ce. Ɗana ne ke jiran nasa. Ruku'u da sujada ba sa cutarwa?

Modibbo_Garwa:
Baba, addini ya yi sauƙi a nan. Wanda tsayuwa ko sunkuyo ke cutar da shi ya yi a zaune, wanda ba zai iya zama ba ya yi a kishingiɗe da nuni. Ba kunya a ciki, ko a sahun gaba ne a ajiye masa kujera. Iyakar lokacin kuwa likitansa ne zai faɗa, ba mu ba.

Dokta_A_Ngaundere:
Haka ne Modibbo. Makonnin farko a kujera ya fi, daga nan ya koma a hankali gwargwadon yadda ciwo ya bar shi. Abin da ya fi sujada matsa wa ɗinki ma shi ne yadda mutum ke tashi daga kwance. Kada ya miƙe tsaye da ƙarfin ciki. Ya juya gefe, ya sauke ƙafafu, ya dogara da hannu ya tashi. Wanda ke kwana a tabarma ko katifa a ƙasa a nema masa gado na ɗan lokaci.

Uwar_Biyu_Njamena:
To ni a kan zanen ɗaure ciki nake. Kakanninmu ba wawaye ba ne, mace ta haihu a ɗaure ta, cikinta ya koma. Me ya sa yanzu komai na gida sai a ce a bari? A farmasi ma ana sayar da ɗamarar ciki, ita da zane ai duk ɗaya ne.

Nas_Hadiza:
Uwar Biyu, ba raini ba ne. Mai jego ba ta da sabuwar ƙoda kwance ƙarƙashin fata da jijiyoyin jini da aka ɗinka da hannu. Zanen da aka murɗe aka ja tamau a mara zai danne ƙodar ne kai tsaye. Ɗamarar farmasi tana da faɗi, tana da laushi, wasu na jin daɗinta wajen tafiya da tari, amma ita ma bincike bai nuna tana hana ƙaba ba, sauƙin ciwo take kawowa. Idan yana so ya tambayi likitan dashen, kuma ya sa ta sako-sako yadda hannu zai shiga. Ga zafin Garwa a watan 3 da 4, gumi ya taru ƙarƙashinta fata ta saɓule, an koma gidan jiya.

Uwar_Biyu_Njamena:
Na ji, amma ni dai na ga amfaninsa a jikina. Kowa da abin da ya gani.

Hamma_Bello_Marwa:
Tunda an ambaci jego, kada wani ya kawo masa kunun kanwa wai don ƙarfin jiki. Kanwa dangin gishiri ce, za ta ɗaga masa hawan jini.

Mai_Shago_237:
Ni abin da ya fi ba ni wahala bayan nawa aikin bayan gida ne. Ba wanda ke son maganarsa amma shi ne. Mutum ya tsuguna yana nishi, duk ƙarfin a kan ɗinkin yake sauka. Miyar kuɓewa da ta kuka da ganye suka taimake ni, da gwanda, da ruwa da yawa. Wanda ya saba da ƙa'idar wankin ƙoda, inda ake auna maka ruwa da kofi, sai ya ga kamar laifi ne ya sha da yawa. Yanzu an juya, sabuwar ƙoda ruwa take so, musamman a zafinmu, likita zai gaya masa adadin. Idan duk da haka ya ƙi, akwai lactulose, maganin sassauta bayan gida, a rubuta masa.

Dan_Kusiri:
A jiƙa masa filasko da tsamiya, dare ɗaya cikin zai wanke.

Nas_Hadiza:
Don Allah a'a. Gudawa ga mai shan tacrolimus ba ƙaramin abu ba ne, ruwan jiki ya ƙare, adadin maganin a jini ya hau, ƙodar ta sha wuya. Duk wani jiƙo ko sassaƙe ko gari a ajiye shi. Haka ƙwayoyin da ake saya a tebur: diclofenac da ibuprofen suna cutar da ƙoda, tramadol kuma shi ne uban busar da ciki. Paracetamol ya isa idan ciwo ne, idan bai isa ba to akwai dalili, a je a duba.

Goggo_Asabe:
Ku yi haƙuri in ɗan karkata. Kowa na maganar wanda aka sa wa, shi wanda ya bayar fa? 'Yata ce ta ba yayanta, da muka dawo duk hankali na kan yayan, ita kuwa sati uku ta koma daka da jan ruwa a rijiya saboda kunyar surukai. Ita ma fa an yanka ta. Maman Ikram, ku duba ƙanin mijinki.

Maman_Ikram_Garwa:
Goggo kin taɓo inda ya dace. Shi ne ma yanzu ke tsaye a kan kasuwar, yana cewa shi lafiyarsa ƙalau tunda ramuka ƙanana aka yi masa da kyamara.

Dokta_A_Ngaundere:
Ko da kyamara aka yi, sai an yi yanka ɗaya da ƙodar za ta fita ta ciki, kuma nan ma ƙaba na iya fitowa. Shi ba ya shan maganin garkuwa, don haka ya fi saurin warkewa, amma mako 6 ɗin nan na hana ɗaga nauyi ya hau kansa shi ma. Ya tsaya ya yi ciniki, ya riƙe littafi, 'yan dako su yi lodi.

Alhaji_Mai_Albasa:
Ni ɗan kasuwar ne, bari in yi magana a madadin mijinki. Ba taurin kai ba ne kawai. Mutumin da ya sayar da fili ko shanu ya je aka yi masa aiki, ga kuɗin magani kowane wata har ƙarshen rayuwa, ga gwaji, ga albasa ba ta jira, idan ba ka sayar ba ta ruɓe. Yaya zai zauna? Tun da aka kawo tsarin kiwon lafiya na gwamnatin Kamaru na 2023 wankin ƙoda ya koma sefa 15,000 a shekara, wasu har cewa suke gara su zauna a kan inji. Abin da zan ce, ku bar shi ya je kasuwa idan likita ya yarda, a kai shi a mota, a ajiye masa kujera a inuwa nesa da ƙura. Ku samu babban yaronsa ku gaya masa a gaban mutane cewa amanar Alhaji na wuyansa, ko buhu ya faɗi a gabansa kada ya bari ya sunkuya. Ɗan kasuwa hannunsa ke riga tunaninsa kai wa ga kaya. Hana shi fita gaba ɗaya zai sa ya fita a ɓoye.

Mai_Shago_237:
Alhaji, wanda ya ce gara inji bai ɗanɗana duka biyun ba. Amma sauran maganarka gaskiya ce.

Hamma_Bello_Marwa:
Ko ba komai yanzu ana yin dashen a gida Kamaru, tun ƙarshen 2021 aka fara a Babban Asibitin Yawunde, wasu kuma na zuwa Kano ko Maiduguri maimakon Indiya da Tunisiya. Amfanin kusa shi ne idan wani abu ya taso a wurin ɗinkin za ka koma ga wanda ya yi aikin. Sai dai tafiyar ma a yi hattara, jirgin ƙasa daga Ngaundere kwana ake yi, ga jakunkuna, ga hawa da sauka. Kada ya tafi shi kaɗai, a samu mai ɗaukar masa kaya.

Inna_Laure:
Tari fa? Hunturu na shigowa nawa mijin ba ya barci.

Nas_Hadiza:
Inna, ya riƙa danna matashi ko tafin hannu a kan wurin duk lokacin da zai yi tari ko atishawa, ya sa takunkumi idan ƙura ta taso, a nisanta shi da hayaƙin icce da turaren wuta a ɗaki rufe. Taba da shisha kuwa a yi sallama da su, suna kawo tari kuma suna rage jinin da ke isa ga rauni. Tarin da ya wuce mako 2 a mai dashe sai an gwada tarin fuka, kuma a gaya wa masu gwajin yana da dashe, domin rifampicin da ke cikin maganin tarin fuka yana cinye tacrolimus a jini, sai an sake lissafin adadin.

Dan_Kusiri:
To idan duk an yi wannan kuma ta fito kamar ta Adda Zainabu, me aka yi ke nan?

Dokta_A_Ngaundere:
An rage haɗari, ba a kawar da shi ba, haka maganar take. Kuma ba duk kumburi ne ƙaba ba. Yana iya zama ƙodar ce kanta ake ji, ko ruwa ne ya taru gefenta, ko tsokar wurin ce ta saki saboda jijiyar da aka taɓa wajen yanka. Hoton ciki na ekografi (ultrasound) ke bambancewa, wani lokaci sai hoton sikana (CT). Kada a bari kowa ya soka allura ko ya tsaga wurin. Idan ƙabar ce kuma tana shiga tana fita ba ciwo, ba gaggawa, a tsara gyara tare da likitan ƙoda, a wurin da suka san dashe, saboda ƙodar da bututun fitsarinta suna nan ƙarƙashin wuƙar. Amma idan kumburin ya yi tauri ya ƙi komawa, ga ciwo mai tsanani, ga amai, ba bayan gida ba tusa, hanji ne ya shaƙe. Wannan ko tsakar dare ne asibiti mafi kusa, kada a jira a kira Yawunde ko Indiya.

Maman_Ikram_Garwa:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta masa maganar Alhaji Mai Albasa sau biyu, ita ta fi shigarsa. Goggonsa dai har yanzu tana kan zanenta, ta ce ko sako-sako ne a ɗaura. Ranar Litinin muna da awo, zan tambaya game da ɗamarar da kuma komawa kasuwa. Dokta, ruwan wanka fa, bokiti rabi ma kada ya ɗauka zuwa bayi?

Adda_Zainabu:
Rabin bokiti ya fi kilo 5, Ikram ta kai masa. Ki kuma nuna musu lambobin sugansa na safe ranar Litinin ɗin, kada ki jira su tambaya.

Baba_Mai_Goro:
Ni ɗana yana da tumbi sosai. A fara rage shi tun yanzu kafin a kira shi, ko a bari sai bayan aiki? Yana kan inji, ban san abin da zai ci ya rage ba tare da ya galabaita ba.